Ci-rani a Bakin Raga: Tarihin Wasan Kassaly Daouda, Mai Tsaron Gida Ɗan Dosso

1.0 Gabatarwa

Matafiyin da ya tashi daga Birnin Kebbi ya nufi Kamba, ya ƙetare iyaka zuwa Gaya, sa'an nan ya juya arewa, Dosso ce babbar alkaryar da zai fara sauka cikinta. Wannan hanya tsohuwa ce. Tun kafin Ingilishi da Faransawa su shata iyaka tsakanin Nijeriya da Nijar, Kabawa da Zabarmawa da Arawa da Dandawa suna cuɗanya ta fuskar ciniki da auratayya da yaƙi. Da Yakubu Nabame ya tayar da tutar Kabi a Argungu a 1849, mutanen Zabarma da Arewa da Dendi suna cikin waɗanda suka mara masa baya wajen yaƙar Gwandu. Don haka ɗan Dosso ba baƙo ba ne a kwarin Rima.

Wannan maƙala za ta bi diddigin wasan wani ɗan Dosso, watau Kassaly Daouda, wanda ya tsare ragar ƙasar Nijar kimanin shekara ashirin, ya kuma nemi abinci da hannuwansa a ƙasashe da dama. Manufa ita ce a nuna cewa yawon ɗan ƙwallo daga kulob zuwa kulob sabon salo ne na tsohuwar al'adar ci-rani, kuma sana'ar tsaron gida tana da wasu sharuɗɗa nata da ke sa mai ita yawo fiye da sauran 'yan wasa.

2.0 Sana'ar da Sunayenta

Hausa tana da sunaye uku na mai wannan aiki. Akwai gola, wadda aka aro daga Ingilishi, ita ce kuwa ta bakin yara a filin unguwa. Akwai mai tsaron raga, sa'an nan akwai mai tsaron gida, waɗanda gidajen rediyo suka yaɗa. Na ƙarshen nan ya fi armashi, domin ya ɗauki tirke biyu da sanda da raga ya mai da su gida, ya kuma ɗora wa mutum ɗaya amanar gidan. Daga nan ne aka sami doguwar fassarar nan ta fanareti, watau bugun daga kai sai mai tsaron gida.

Dokokin wasa ne suka keɓe shi daga sauran abokansa. Tun 1912 aka ƙayyade masa taɓa ƙwallo da hannu cikin da'irarsa kaɗai. A 1992 kuma aka hana shi kama ƙwallon da abokin wasansa ya maido masa da ƙafa da gangan, abin da ya tilasta wa gololi koyon wasa da ƙafa.

Abin da ya fi shafar rayuwarsa kuwa lissafi ne mai sauƙi. Kowace ƙungiya tana da gurbi goma na 'yan fili, gurbi ɗaya tak na mai tsaron gida. Ɗan baya yana iya komawa tsakiya, ɗan gaba yana iya komawa gefe, ko kuma a sako shi saura minti ashirin. Gola ba shi da wannan dama. Ko dai shi ne na ɗaya, ko kuma ya shekara a benci, domin da wuya koci ya canza shi a tsakiyar wasa in ba rauni ya ji ba. Saboda haka golan da aka sha gabansa zaɓi biyu gare shi: ya zauna ya ci albashi hannunsa yana sanyi, ko ya ɗaure kayansa ya nemi wani gari. Sa'an nan kuma aikinsa bai dogara ga gudu ba kamar na 'yan fili, don haka yakan daɗe yana wasa har ya doshi shekara arba'in. Ƙarancin gurbi da tsawon rai cikin sana'a su ne suka haifar da gola ɗan ci-rani.

3.0 Daga Yamai zuwa Garwa

An haifi Kassaly a Dosso ran 19 ga Agusta, 1983. Daouda shi ne Dauda a rubutun Faransanci. A Yamai ya yi suna, cikin ƙungiyar Sahel, wadda ta fi kowace ƙungiya a Nijar cin kofin ƙasa. An fara kiran sa cikin 'yan wasan ƙasa, watau Mena, a 2002, yana ɗan shekara goma sha tara ko ƙasa da haka. Mena sunan wata irin barewa ce ta dajin Sahel.

Ƙwallon Nijar a lokacin bai iya riƙe gwani. Mafi yawan ƙungiyoyin na ma'aikatu ne, kamar na soja da 'yan sanda da kwastan, kuma abin da ɗan wasa ke samu bai taka kara ya karya ba. Da lokacin fita ya yi, a tsakiyar shekarun 2000, Kassaly bai nufi Faransa ba. Gabas ya yi, zuwa Garwa ta arewacin Kamaru, a bakin kogin Binuwai. Wannan ma tsohuwar hanya ce ta fatake, domin Garwa tana cikin ƙasar Adamawa ta dā, kuma har yau Fillanci da Hausa ake ji a kasuwarta. Mutumin Nijar da ya sauka can zai tarar da masallaci da tuwo da harshen da ya sani.

Ƙungiyar da ta ɗauke shi ita ce Coton Sport, wadda aka kafa a 1986 a ƙarƙashin kamfanin auduga na Kamaru, SODECOTON. Kuɗin auduga ya ba ta abin da takwarorinta ba su da shi, watau albashi kan kari da tsari mai ɗorewa. Da haka ta ƙwace ragamar ƙwallon Kamaru daga manyan ƙungiyoyin Yawunde da Duwala, ta ci kofin ƙasa sau shida a jere daga 2003 zuwa 2008. Kamar yadda ɗan ci-rani yakan janyo ɗan garinsu, haka 'yan Nijar suka taru a Garwa, cikinsu har da Kamilou Daouda da Lassina Abdoul Karim.

Shekarar 2008 ce ƙololuwar zamansa can. Coton Sport ta fito ta ɗaya a rukunin da ya ƙunshi Enyimba ta Aba da TP Mazembe ta Kongo da Al Hilal ta Sudan, ta kuma fitar da Dynamos ta Zimbabuwe a wasan kusa da ƙarshe na gasar zakarun Afirka. Tun nasarar Canon ta Yawunde a 1980 ba wata ƙungiyar Kamaru da ta kai wasan ƙarshe sai wannan karo. A can suka haɗu da Al Ahly ta Masar. An ci su 2-0 a Alƙahira, aka tashi 2-2 a Garwa, Al Ahly ta ɗauki kofinta na shida.

4.0 Turai da Afirka ta Kudu

Wasan ƙarshen nan ya sa idon dillalai ya kai kansa. A farkon 2009 aka ba da shi aro ga Rapid ta birnin Bukares a Romaniya, ƙungiyar da ma'aikatan jirgin ƙasa suka kafa a 1923. Zaman bai yi tsawo ba, ya komo Garwa. Irin wannan komowa ba abin mamaki ba ce ga gola baƙo. Aikinsa rabi da hannu ne, rabi da baki, domin shi ne ke tsara 'yan baya, yana kiran wannan ya matso, wancan ya ja da baya. Wanda bai ji harshen abokan wasansa ba, ya kuma zo a tsakiyar kakar wasa, da wuya koci ya damƙa masa gida.

Fita ta biyu ta zo a 2013, sa'ad da Chippa United ta Afirka ta Kudu ta ɗauke shi. Ƙungiya ce sabuwa, wadda ta hau babban rukuni a 2012, kuma a ƙarshen kakar aka mai da ita ƙasa. Wannan ma ɗabi'ar kasuwar ce: ƙungiyar da ruwa ke ci ita ke neman gola da gaggawa, in ta nutse kuwa, baƙi ake fara sallama. Daga baya Kassaly ya koma gida, ya buga wa ƙungiyar Nigelec ta kamfanin wutar lantarki na Nijar, kamfanin da tun 1976 aka ja masa layin wuta daga Birnin Kebbi zuwa Yamai.

5.0 Ragar Mena

Inda sunansa ya tabbata shi ne wajen tsare ragar ƙasarsa. Nijar ba ta taɓa zuwa gasar cin kofin Afirka ba sai a zamaninsa. A wasannin neman gurbin gasar 2012 aka haɗa ta da Masar, mai riƙe da kofi sau uku a jere, da Afirka ta Kudu da Saliyo. A watan Oktoba na 2010 Mena ta ci Masar 1-0 a filin Seyni Kountché na Yamai, Moussa Maazou ne ya jefa ƙwallon. Ta ci dukan wasanninta uku na gida, aka kuma ci ta dukan ukun na waje. A ranar ƙarshe, cikin Oktoba na 2011, Masar ta ci ta 3-0, ita kuwa Afirka ta Kudu ta yi canjaras da Saliyo, 'yan wasanta suka shiga rawa a fili suna zaton sun haye. Ashe dokar gasar ta ce in maki ya zo ɗaya, sakamakon wasannin da ke tsakanin masu kunnen dokin ake dubawa. Ƙasashe uku suna da maki 9, Nijar ce kuwa ta fi a tsakaninsu. Kocinta, Harouna Doula, shi aka zaɓa gwarzon kocin Afirka na 2011.

A gasar 2012 an ci Nijar dukan wasanninta uku: Gabon 2-0, Tunisiya 2-1, Maroko 1-0. Ta sake samun gurbi a 2013 a ƙarƙashin Gernot Rohr, bayan ta fitar da Gini. Wasanni biyu na farko a birnin Port Elizabeth sun taƙaita dukan abin da sana'ar ta ƙunsa. A na farko ya riƙe Mali har saura 'yan mintoci a tashi, sai wani ƙwallo da aka kwaso daga gefe ya kuɓuce masa, Seydou Keita ya zura. Bayan kwana huɗu, ran 24 ga Janairu, ya hana 'yan gaban Kongo sakat, cikinsu har da Dieumerci Mbokani, aka tashi babu ci. Wannan shi ne maki na farko da Nijar ta taɓa samu a tarihin gasar. Hannun da aka zarga ran Lahadi shi aka yaba ran Alhamis. Kafin ya ajiye safar hannu ya buga wa Mena wasa fiye da 80, abin da ba ɗan Nijar ɗin da ya riga shi yi.

6.0 Takwarorinsa a Nijeriya

Kassaly ba shi kaɗai ba ne a wannan turba. Peter Rufai, wanda ya rasu a watan Yuli na 2025, ya tashi daga Stationery Stores ta Legas, ya bi ta Dragons ta Jamhuriyar Benin, sa'an nan Beljiyam da Holan da Fotugal da Sifen. A Deportivo ta Sifen, duk da kofin Afirka na 1994 da ke hannunsa, benci ya zauna a bayan Jacques Songo'o ɗan Kamaru. Shi kuwa Stanley Nwabali ya bi ta Enyimba da Lobi Stars da Katsina United, ya tafi Chippa ɗin nan a 2022 ba tare da mutane da yawa sun san shi ba. A watan Fabrairu na 2024 ya tare fanareti biyu na Afirka ta Kudu, ya kai Nijeriya wasan ƙarshe na kofin Afirka. Duka ukun sun fara da maƙwabta ko ƙananan ƙungiyoyi, kuma duka ukun rigar ƙasa ce ta ɗaukaka su fiye da ta kulob.

7.0 Kammalawa

Ɗan ci-rani na dā yakan bar gida bayan kaka, ya yi dako ko ga-ruwa ko kokawa a wani gari, ya komo da damina. Ba a auna shi da nisan garin da ya kai, sai da abin da ya kawo gida da sunan da ya bari a masauki. In an auna Kassaly da ma'aunin Turai, ɗan wasa ne da ya je Bukares bai zauna ba. In kuwa an auna shi da ma'aunin ci-rani, mutum ne da ya ci abinci da sana'arsa shekara ashirin, ya kai wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka, ya raka ƙasarsa gasar nahiya sau biyu, ya kuma komo gida da mutuncinsa.

Akwai darasi a nan ga matasan da ke tsare raga a filin Haliru Abdu na Birnin Kebbi da filayen makarantun Argungu, waɗanda idonsu ke kan Ingila kaɗai: Yamai da Garwa ma kasuwa ce. Akwai kuma aiki a gaban manazarta. Tarihin 'yan kokawa da 'yan dambe na wannan yanki ya sami masu adana shi cikin kirari da waƙa da kundayen jami'a. Na 'yan ƙwallo yana nan a bakin tsofaffin 'yan wasa da masu sharhin rediyo, kuma ya kamata a je a ɗauko shi tun masu shi suna raye.