Shafaƙin Ƙurewar Duniya da Sararin Birnin Gwari



Bahaushe ya san sama gwargwadon hali. Ya raɗa wa Gamzaki suna, ya aurar da Zara ga wata, ya ga Kaza da 'Ya'yanta, yana kuma duban shafaƙi don ya san fitar lokacin magariba. Amma akwai wani haske da bai sa masa suna ba, domin ba a ƙasarsa yake fitowa ba. Shi ne hasken nan kore ko ja da ke bayyana da dare can ƙurewar arewa da ƙurewar kudu na duniya, yana kaɗawa kamar an shanya labule. Turawa na ce masa aurora, Larabawa kuwa sun jingina shi ga shafaƙi, mu ma sai mu bi sawunsu mu ce shafaƙin ƙurewar duniya. Abin da nake nufin nunawa shi ne, ko da yake mutumin Birnin Gwari ba ya ganin wannan haske, abin da ke haddasa shi yana taɓa sararin da ke bisa kansa, kuma ƙasarmu tana da hannu a tarihin gano haka.

A ranar 1 ga Satumba 1859, watau shekarar da Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya rasu, wani Bature mai suna Richard Carrington yana duban rana da madubin hangen nesa a Ingila, sai ya ga wani farin haske ya walƙata a fuskarta. Ba a cika kwana guda ba sai wayoyin tangarahu na Turai da Amurka suka rikice, waɗansu har da tartsatsin wuta, aka kuma ga shafaƙin nan har a Kyuba da Hawayi. Bayanin abin ya zo daga baya. Rana kan yi aman ƙwayoyi masu ɗauke da lantarki. Idan suka iso, sai maganaɗisun duniya ya karkata su zuwa ƙurewa biyu, su yi karo da iskar sama daga wajen kilomita 100 zuwa 300, iskar ta yi haske, ta yi zafi, ta kumbura.

A wannan tsayi akwai wani rufi na iska mai lantarki da masana ke kira ayonosfiya. Marconi ya aika da saƙon rediyo ƙetaren tekun Atlantika a 1901, a 1902 Kennelly da Heaviside suka ce lalle akwai abin da ke maido da saƙon ƙasa, Edward Appleton kuma ya tabbatar da shi a 1924. Duk wanda ya taɓa kama Kaduna ko Landan a gajeren zango, ya ji murya tana tafiya tana dawowa, ya riga ya yi hulɗa da wannan rufi.

To, ina Birnin Gwari a cikin zancen? Ban da ikwaitar da muka koya a makaranta, akwai wata ta maganaɗisu, watau layin da allurar maganaɗisu ke kwanciya sambal, ba ta sunkuya ba. A yammacin Afirka wannan layi ya hauro arewa, ya ratsa Nijeriya wajen digiri 10 zuwa 11. Nan ne Kontagora da Birnin Gwari da dajin Kamuku da Zariya suke. Bisa wannan layi, a tsayin kilomita ɗari da 'yan kai, wani kogin lantarki yana malala gabas kowace rana, faɗinsa kamar kilomita 600. An fara lura da alamarsa a tashar Huancayo ta ƙasar Peru, wadda aka buɗe a 1922, Sydney Chapman kuma ya sa masa suna a 1951.

Nan ne aikin Nijeriya ya shigo, kuma a ganina ba a ba shi haƙƙinsa a littattafan tarihinmu ba. A shekarun 1950, musamman a lokacin Shekarar Nazarin Ƙasa ta Duniya ta 1957 zuwa 1958, sashen fizis na Kwalejin Jami'a ta Ibadan ya duƙufa ga auna maganaɗisu da ayonosfiya. Wani saurayi, Cyril Onwumechili, ya bi ƙasar nan daga kudu zuwa arewa da na'urori yana auna faɗi da ƙarfin wannan kogi, a 1997 kuma ya wallafa littafi sukutum a kansa. Shehun malamin fizis na Ibadan a lokacin, Norman Alexander, shi ne ya zama shugaban farko na Jami'ar Ahmadu Bello. Matarsa Elizabeth, wadda ta rasu a Ibadan a 1958, tana cikin waɗanda suka fara gano cewa rana na fitar da igiyoyin rediyo, tun 1945. Rosemary Hutton ma ta koyar a Zariya daga 1963 zuwa 1968 tana nazarin lantarkin ƙasa. Ashe dai manomin da ke huɗa a Kuyello yana ƙarƙashin ɗaya daga cikin wurare kaɗan a duniya da masana ke kwaɗayin aunawa.

Dā wannan ilmi na masu rediyo ne kawai. Abin ya canja da zuwan taurarin ɗan'adam masu nuna hanya. An harba na farko na tsarin GPS a 1978, tsarin ya kammala a 1995. Taurarin suna shawagi a nisan kilomita 20,200, kowanne yana aiko da lokacin agogonsa, na'urar da ke hannu kuma ta lissafa nisanta daga aƙalla guda huɗu. Saƙon yana gudun haske, kilomita 300,000 a daƙiƙa, saboda haka kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ya zama mita 300 a ƙasa. Dole saƙon ya keta ayonosfiya, ita kuwa takan jinkirta shi. In tana kwance lafiya, ana iya gyara lissafi. In ta hargitse, saƙon yakan yi ƙyaftawa kamar tauraro, wani lokaci ya ɓace ɗungum.

An ga haka a fili. A ƙarshen Oktoba 2003 guguwar rana ta hana jiragen sama na Amurka dogara ga tsarin da ke taimaka musu sauka, har na sa'o'i masu yawa. A Fabrairu 2022 kamfanin SpaceX ya yi asarar taurari 38 cikin 49 da ya harba, domin iskar sama ta kumbura ta janyo su ƙasa. A ranar 10 ga Mayu 2024, ana tsakiyar shuka, taraktocin manoman Amurka masu bin GPS suka riƙa kauce wa kunya.

Namu yankin yana da tasa rigimar ko babu guguwa. Da rana lantarkin ikwaita yakan ɗaga ƙwayoyin ayonosfiya sama, su zubo wajen digiri 15 arewa da kudu, abin da Appleton ya bayyana a 1946. Bayan faɗuwar rana kuma sai waɗansu manyan kumfa su taso daga ƙasan rufin, su yi ta dagula saƙo daga bayan magariba zuwa tsakar dare, galibi wajen Maris da Afrilu da kuma Satumba da Oktoba. Idan guguwa ta auka wa ƙurewar duniya, lantarkinta kan iso mu cikin mintoci, iskar da ta zafafa kuma ta biyo baya da sa'o'i. Wani dare ta ƙara kumfar, wani dare ta danne ta, gwargwadon lokacin da ta zo.

Wannan ya shafi safiyo mai shata iyakar gona ko ta gandun Kamuku, wanda ya zama gandun ƙasa a 1999, ya shafi matuƙin jirgi, ya kuma shafi jami'in tsaro da ke cikin dajin da rashin zaman lafiya ya addaba shekara da shekaru, inda duhuwar itatuwa ta riga ta raunana saƙon. An kafa hukumar sararin samaniya ta ƙasa a 1999, tana da cibiyar auna ƙasa a Toro da ta nazarin iska a Anyigba, an kuma girka na'urar karɓar saƙon taurari a jami'ar Zariya. Rana tana zafafa tana lafawa ne duk bayan shekara 11, kuma zagaye na 25 ya kai ƙoli a 2024. Wanda zai biyo shi ana sa ransa wajen tsakiyar shekarun 2030.