"Credibility": kalmar da ke auna ko za a yarda da maganar mutum

Kalmar Ingilishi "credibility" tana yawan fitowa a labaran zaɓe, shari'a da siyasa. Masu karatu da Faransanci sun san takwararta, "crédibilité". Dukansu sun samo asali daga kalmar Latin "credere", wato yarda ko amincewa. Daga tushen nan aka samu "crédit", bashin da ake ba mutum don an yarda zai biya.

Ma'anarta ita ce cancantar a yarda da mutum, ko hukuma, ko labari. Ba daidai take da gaskiya ba. Mutum na iya faɗin gaskiya a ƙi yarda da shi, saboda an sha kama shi da ƙarya. Maƙaryaci mai iya baki kuma yakan samu yardar jama'a na ɗan lokaci, kodayake ramin ƙarya ƙurarre ne.

Hausa ba ta da kalma ɗaya da ke ɗauke ta a ko'ina, sai an duba wurin da ta fito. Idan masu sa ido sun ce zaɓe ya kasance "credible", 'yan jarida kan ce sahihin zaɓe. A labarai akan ce majiya mai tushe. A kotu kuwa, shaidan da alƙali ya gamsu da bayaninsa ake nufi. Shugaban da ya rasa ta, an daina yarda da maganarsa ke nan.

A shekarun 1960, zamanin Shugaba Lyndon Johnson, jaridun Amurka sun yayata furucin "credibility gap", wato tazarar da ke tsakanin abin da gwamnati ke faɗi kan yaƙin Vietnam da abin da mutane suka yarda da shi. A 1971 jaridar New York Times ta wallafa takardun sirri na ma'aikatar tsaro, waɗanda suka nuna an ɓoye wa jama'a abubuwa da dama game da yaƙin.

Akwai kalmomi biyu da ke rikitar da mai koyo. "Credulous", kamar "crédule" a Faransanci, na nufin mai saurin yarda da duk abin da aka gaya masa, kuma zargi ne. "Incredible" kuwa, asalinta abin da ba zai yardu ba ne, amma yau an fi faɗinta don yabon abin da ya burge mutum, kamar yadda ake yi da "incroyable".