Illo da Malanbil: Tarihin da Ke Cikin Sunan Gari

Masanan tarihi na ƙasar Faransa sun daɗe suna ɗaukar sunan titi da na unguwa a bakin shaida, daidai da takardar da aka adana a taska. A birnin Faris har wa yau akwai titin da a ke kira Rue des Lombards, watau Titin Lambardawa, domin nan ne 'yan canji da masu ba da rance, mutanen arewacin Italiya, suka zauna tun ƙarni na 13. Dab da shi akwai Rue de la Ferronnerie, Titin Maƙera ke nan. Sana'o'in sun tashi tuntuni, amma sunayen suna nan suna ba da labari. Haka kuma da yawa daga cikin garuruwan da sarakuna suka yanka a ƙarni na 13 da na 14, suka kafa musu kasuwa don a jawo mutane, sunansu Villeneuve, watau Sabon Gari. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Wanda ya ji an ce Dukawa ko Tudun Nufawa a Kano, ya san waɗanda suka fara zama wurin.

Su ma Faransawa sai da suka yi hasara kafin su farga. Tsakanin 1853 da 1870 Haussmann ya rushe tsofaffin unguwannin Faris masu yawa ya yanka manyan tituna. Birnin Karkason da ke kudu, mai ganuwa biyu da hasumiya 52, saura kaɗan a bar shi ga masu kwasar duwatsu, sai aka ba Viollet-le-Duc aikin gyaransa a 1853. A 1913 aka kafa dokar tsare kayan tarihi. Nufin wannan takarda shi ne a ɗauki ma'aunin nan nasu a gwada shi a inda ƙasarmu ta yi iyaka da ƙasar da suka mallaka, watau yankin Bagudo na Jihar Kebbi.

Tsohon garin wannan yanki shi ne Illo, a hayin Kwara ta yamma. Bisa ga labarin da Bargawa suka gada, zuriyar Kisra ce ta kafa manyan gidajen sarauta uku na ƙasar Bargu: Busa, da Nikki, da Illo. Arzikin Illo kuwa mashiga ne. Fataken Hausa masu zuwa Gwanja sayen goro su kan ƙetare kogi a wannan yanki, sa'an nan su bi ta Kandi da Jugu har Salaga. Garin ba a bakin ruwa ya ke ba, yana da tashar jiragensa a Giris. A kan hanyar ma sunaye suna magana, gama a Jugu unguwar 'yan kasuwa sunanta Wangara, ba ta da bambanci da Titin Lambardawa sai na harshe.

To, a ƙarshen ƙarni na 19 Ingila da Faransa suka yi tsere a kan Bargu. A watan Nuwamba na 1894 Lugga ya isa Nikki ya ƙulla alkawari, ba da daɗewa ba Decoeur na Faransa ya iso ya ƙulla nasa. A farkon 1897 wani hafsan Faransa, Bretonnet, ya iso Kwara ta Illo, ya gangara ya kafa tuta a Busa. Har an yi zaton za a gwabza, sai aka shirya a Faris ran 14 ga Yuni, 1898. Abin lura shi ne yadda aka auna iyakar: aka ce za ta taɓa Kwara a wurin da ke mil 10 sama da tsakiyar garin Giris, tashar Illo. Ashe ƙaramar tashar nan ita ce turken da aka ɗaure iyakar ƙasashe biyu. Illo da Busa suka faɗa hannun Ingila, Nikki da Kandi suka faɗa hannun Faransa, daga baya kuma Turawan Ingila suka cire Illo daga Bargu suka haɗa ta da Gwandu.

Da Faransa ta rasa mashigar Illo, sai hanyarta ta koma sama, daura da Gaya. Akwai wani ɗan ƙauye a nan da mutanen wurin su ke kira Tasi, watau rairayi da harshen Dendi. Shi aka sa wa suna Malanville, garin Malan, don tunawa da Henri Malan wanda ya yi gwamnan Dahome kafin Yaƙin Duniya na Farko. Bahaushe da ya ji Malanbil ya iya zata wani malami ne ya sari wurin, alhali kuwa sunan Bature ne, kamar yadda aka yi a Brazzaville da Fort-Lamy. Hanyar jirgin ƙasa daga Kwatano ta iso Faraku a 1936 ta tsaya, motoci suka riƙa ɗaukar kaya ta Kandi zuwa bakin kogi, a 1958 kuma aka gama gadar da ta haɗa Malanbil da Gaya. Da haka sabon garin ya zama babbar kasuwar arewacin ƙasar, Illo kuwa ta koma gefen hanya.

Ga abin da gwajin ya nuna. Sunan titi a tsohon birnin Faransa daga bakin mazauna ya fito, don haka ya ke faɗin sana'arsu ko asalinsu. Sunan da Faransa ta raɗa a bakin Kwara daga ofis ya fito, ya rufe wanda ke faɗin irin ƙasar wurin. Fort-Lamy ta koma Njamena a 1973, Dahome ta koma Benin a 1975, amma Malanbil tana nan da sunanta. Saboda haka mai nazari kada ya yarda da taswira ita kaɗai. Lalle ne ya tambaya wa ya sa sunan, yaushe, kuma wane suna ya danne.

Aikin da ya rage na malaman kwalejojin horon malamai ne. Gine-ginenmu na ƙasa ne, damina kan cinye su, ba kamar duwatsun Karkason ba, don haka sunaye su ne ganuwar da ta saura mana. Ɗaliban da suka fito daga Illo, Lolo, Ka'oje da Tsamiya suna iya rubuta sunan kowace unguwa, da zango, da mashiga, da kufai, yadda tsofaffi su ke furta shi, tare da harshen da ya fito, ko Hausa, ko Dendi, ko Busanci, ko Fillanci. In aka haɗa wannan da irinsa daga Gaya da Kandi, za a iya sake zana hanyar Gwanja zango zango, tun masu riƙe da sunayen suna raye.