Alamomin Tashin Alƙiyama da Jiran Mahadi a Tarihin Ƙasar Zamfara

Gabatarwa

Manazarta tarihin jihadin ƙarni na 19 sun fi mayar da hankali ga yaƙe-yaƙe da tsarin mulki, ba su cika duba abin da ke cikin zukatan mutanen da suka amsa kira ba. Daga cikin abubuwan da suka motsa waɗannan zukata akwai imanin cewa duniya ta zo ƙarshe. Wannan maƙala za ta bi sawun imanin nan a ƙasar Zamfara, musamman yankin da a yau ya ƙunshi Talata Mafara da Bakura da Maradun, don a nuna cewa malaman jihadi sun rura shi a lokacin da suke neman jama'a, sa'an nan suka koma suna yi masa linzami bayan da mulki ya zo hannunsu.

Tushen Aƙidar

Malamai sun kasa alamomin tashin alƙiyama gida biyu. Akwai ƙanana, kamar ƙarancin ilmi, da yawan kashe-kashe, da tozarta amana, da gasar gina dogayen benaye. Akwai kuma manya, wato bayyanar Dujal, da saukowar Annabi Isa (AS), da fitowar Yajuju da Majuju, da Dabba, da hudowar rana daga yamma. Bayyanar Mahadi ita ce ƙofar da ke tsakanin kashin farko da na biyu. Ƙarshen al'amari kuwa yana hannun mala'ika Isirafilu, wanda zai busa ƙaho.

Tun a tushe mala'iku da alamomin nan a haɗe suke. A hadisin da aka sani da Hadisin Jibrilu, mala'ikan ne ya tambayi Annabi (SAW) lokacin tashin alƙiyama, aka nuna masa cewa saninsa na Allah ne shi kaɗai, sa'an nan aka faɗi alamominsa. Ke nan an buɗe ƙofar lura da alamomi, an rufe ta ƙayyade lokaci. To, amma malamai ba su bar lissafi ba. Jalaluddini Suyuɗi na Masar, wanda ya rasu a 1505, kuma littattafansa suka sami karɓuwa ƙwarai a ƙasar Hausa, ya yi hasashen cewa al'ummar nan za ta wuce shekara 1000 ta Hijira amma ba za ta wuce 1500 ba. Daga irin wannan lissafi ne aka sa ran bayyanar Mahadi a shekarar 1200 ko 1204. Shekarar 1200 kuwa ta kama ne a watan Nuwamba 1785.

Shehu a Zamfara

A daidai wannan lokaci ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya shiga ƙasar Zamfara da wa'azi. Ƙanensa Abdullahi ya ambata a Tazyin al-Waraƙat cewa sun yi kimanin shekara 5 a can, kuma ya nuna yadda suka tarar da jahilcin addini ya yi katutu. Daga cikin wuraren da Shehu ya zauna akwai Faru, wadda ke cikin ƙasar Maradun a yau. Zamfara ta wancan zamani ƙasa ce da aka karya: Gobirawa sun ci Birnin Zamfara tun wajen tsakiyar ƙarni na 18, suka kafa Alƙalawa a cikin ƙasarta. Mutumin da aka rushe masa birni, aka ɗora masa haraji, aka kama danginsa, ba sai an yi dogon bayani ba kafin ya yarda cewa zamani ya lalace.

A Babbar Sallah ta 1788 Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a Magami, kusa da Faru. Shehu ya ƙi karɓar kyautar sarki, ya nemi abubuwa 5 a madadinta: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana kowa amsawa, a girmama mai rawani, a saki ɗaurarru, kuma a sassauta wa talakawa haraji. Abin lura shi ne, uku na farko sun shafi wa'azi, biyu na ƙarshe sun shafi zalunci, kuma gushewar zalunci ita ce babban aikin da hadisai suka jingina wa Mahadi. Saboda haka ba abin mamaki ba ne da wasu suka fara raɗe-raɗin ko Shehu ne Mahadin.

Mala'iku a Bakin Talaka

Wa'azin nan bai tsaya ga Larabci ba, an zuba shi cikin waƙoƙin Fulatanci da Hausa. A yankin da ake magana a kai, babban wanda ya yi fice shi ne Malam Muhammadu Tukur, almajirin Shehu kuma waliyyi, wanda ya zauna a Matuzgi ta ƙasar Mafara. Shi ake danganta wa waƙar nan mai suna Baƙin Mari. Waƙoƙin wa'azi irin wannan sun fi tsayawa a kan mutuwa da kwanciyar kabari da hisabi da wuta da aljanna, kuma a kowane zango akwai mala'ikan da ke jira: Azara'ilu mai ɗaukar rai, da Munkar da Nakir masu tambaya, da Maliku mai tsaron wuta, da Ridwanu mai tsaron aljanna.

Harshe da kansa ya ajiye shaidar yadda darasin ya ratsa jama'a. A Larabci ana ambaton mala'ikun kabari ne a jere, da harafin "wa" a tsakaninsu, mai ma'anar "da". Kunnen Bahaushe ya haɗa harafin da suna na biyu, ya mayar da "n" ta koma "l", sai aka sami Walakiri, mai kulkin dukan wanda ya kasa amsa tambaya. Haka kuma Dajjal ya koma Dujal, har ana kiran maƙaryaci mai ruɗa jama'a da wannan suna. Kalma ba ta yin irin wannan sauyi sai ta daɗe a bakin waɗanda ba su yi karatu ba. Amfanin darasin mala'iku ga malamai shi ne, yana jawo tashin alƙiyama kusa da kowane mutum ba tare da an sa wa duniya rana ba: wanda ya mutu, tasa ta riga ta tsaya.

Rurawa da Linzami

Bayan hijirar Gudu a 1804 da asarar da aka yi a Tsuntsuwa a ƙarshen shekarar, Zamfara ce ta karɓi jama'a, suka yi zango a Sabon Gari a 1805. Muhammadu Bello ya faɗa a Infaƙ al-Maisur cewa Shehu ya aike shi Birnin Gada, nan cikin Zamfara, ya sadu da shugabannin jama'ar gabas, ya yi musu albishir da kusantowar Mahadi, da cewa jihadin nan ba zai yanke ba har ya bayyana. A nan an yi amfani da aƙidar a fili don ƙarfafa guiwa a lokacin tsanani.

Da Alƙalawa ta faɗi a 1808, sai lamarin ya juya. Wajen 1813 wani mai suna Hamma ya yi da'awar shi ne Mahadi a Maganga, cikin Abzinawa. Shehu ya rubuta Tahzir al-Ikhwan, ya jera sharuɗɗan Mahadi: daga zuriyar Nana Faɗima zai fito, a Madina za a haife shi, sunansa da na mahaifinsa za su dace da na Annabi (SAW). Da waɗannan sharuɗɗa ya kore wa Hamma da'awa, ya kuma kore wa kansa zaton da ake yi masa. Bai musanta zuwan Mahadi ba, sai dai ya hana kowa sa hannu a kan matsayin.

Magadansa sun gaji matsalar. Tun da ana cewa daga gabas Mahadi zai bayyana, mutane suka fara kwashe iyali suna nufar Kogin Nilu, abin da ke nufin raguwar manoma da mayaƙa. Abubakar Atiku ɗan Shehu, wanda ya riƙe ribaɗin Bakura a zamanin Bello kafin ya zama Sarkin Musulmi daga 1837 zuwa 1842, sai da ya yi shela cewa lokacin ƙaura bai yi ba tukuna.

Ƙarni na 14 na Hijira

Shekarar 1300 ta kama a Nuwamba 1882, bayan Muhammad Ahmad ya yi da'awar Mahadi a Sudan a 1881. Ya ci Khartum a Janairu 1885. Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Bello, ya yi masa mubaya'a daga Balda ta ƙasar Adamawa, amma Sakkwato ta ƙi. Duk da haka, da Turawan Ingila suka shiga Sakkwato ran 15 ga Maris 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya gabas ya nufa, ya ratsa ƙasar Zamfara, dubban mutane suka bar gonaki suka bi shi, har aka kashe shi a Burmi ran 27 ga Yuli. Wato hijirar da gidan Shehu ya yi ta jinkirtawa, a ƙarshe shi ya jagorance ta. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya kai sauran jama'a Sudan, inda garin Mai Wurno yake har yau. Bayan shekara 3 aka yi tawayen Satiru: mutanen garin sun ci nasara ran 14 ga Fabrairu 1906, aka shafe garin ran 10 ga Maris, da taimakon sarakunan Sakkwato.

Kammalawa

Abin da tarihin nan ya nuna shi ne, zancen ƙarshen duniya yakan tashi ne idan abubuwa biyu suka haɗu, wato juyawar ƙarni da matsin rayuwa. An ga haka a 1200 da 1300, an kuma gani ranar farko ta 1400, wato 20 ga Nuwamba 1979, sa'ad da wasu suka mamaye Masallacin Harami na Makka da da'awar Mahadi. Iyakar da Suyuɗi ya yi hasashe, shekarar 1500, za ta kama ne wajen 2076. Ƙasar Zamfara kuwa ta sake shiga halin da ake jin mutane suna cewa ƙarshen zamani ya zo. Ya kamata masu nazari su tattara waƙoƙin ajami da ke hannun zuriyar malaman Matuzgi da Faru da Bakura tun ba su salwanta ba, don a cikinsu ne za a ga yadda magabata suka tsoratar da mutane da Walakiri ba tare da sun sa wa Isirafilu rana ba.