Yadda Sunayen Iska Suka Sami Mafaka a Wasan Saƙar Kalmomi

A ranar 21 ga Disamba, 1913, jaridar New York World ta Amurka ta buga wani sabon wasa da Arthur Wynne, ɗan jarida haifaffen Liverpool a Ingila, ya tsara. Gidaje ne a jere kamar na dara, ana cike kowanne da harafi ɗaya, kalmomin tsaye da na kwance suna ratsa juna. A 1924 kamfanin Simon & Schuster ya fitar da littafin farko na wasan, jaridar The Times ta Landan ta karɓe shi a 1930, New York Times kuma a 1942.

Tun farko masu tsara wasan sun gamu da cikas guda: inda kalmomi suka gitta juna, dole harafin ya dace da duka biyun. Wannan ya sa gajerun kalmomi masu yalwar wasula suka yi daraja, ko da ba a jin su a hirar yau da kullum. Ta wannan ƙofa sunayen iskokin sanyi na Turai suka shigo.

Idan tambaya ta ce "iska mai sanyi" kuma gidajen huɗu ne, gogaggen mai wasa yakan tuna bora ko bise. Bora tana gangarowa daga duwatsu zuwa gaɓar tekun Adriatic, kuma a birnin Trieste na Italiya an riƙa ɗaura igiyoyi a gefen tituna don masu tafiya su riƙe. Sunanta ya samo asali daga Boreas, wanda Girkawan dā suka ɗauka ubangijin iskar arewa, wanda kuma siffarsa ke sassaƙe a Hasumiyar Iskoki ta Atina. Bise kuwa tana kaɗawa daga arewa maso gabas a Suwizalan, har ruwan tafkin Janeba da ta fantsama yakan daskare a kan bishiyoyin baki. Idan gidajen bakwai ne, sai mistral, mai bin kwarin kogin Rhône a kudancin Faransa.

Iskar hunturu ma tana da suna a Turanci, wato harmattan, wanda Turawa 'yan kasuwa suka aro daga harsunan Akan na gaɓar Ghana ta yau. Sai dai haruffansa tara ne, don haka samun gurbinsa da wuya. Ƙamus na Turanci kuma sun fi bayyana ta da bushewa da ƙura, alhali mutumin Kano ko Damagaram ya san ta da ɗarin asuba, da jaura, da kaushin ƙafa, da hazon da akasarin ƙurarsa ke tasowa daga kwarin Bodele na Chadi.

Ashe ba girman iska ke ba ta matsayi a wannan wasa ba, tsawon sunanta ne da yaren wanda ya rubuta tambayar. Duk da haka, maimaitawa ta yi aikinta: mutanen da ba su taɓa taka Trieste ba sun haddace sunan iskarta. Hausa tana bambanta sanyi da ɗari, tana bambanta hazo da buji, kuma kalmominta cike suke da wasula. Kayan saƙar suna nan, masaƙan ake jira.