Kan shafi a Google Docs: amfaninsa da yadda ake sarrafa shi

Kan shafi, wanda ake kira «en-tête» da Faransanci, shi ne ɗan filin da ke can saman takarda, bisa inda ainihin rubutu yake farawa. Abin da aka saka a cikinsa sau ɗaya yakan fito da kansa a kan kowane shafi, ko shafukan biyu ne ko ɗari biyu. Takwaransa na ƙasa shi ne gindin shafi, wato «pied de page», kuma dokokinsu ɗaya ne.

Google Docs manhajar rubutu ce ta kamfanin Google na Amurka. Ta fito a shekarar 2006, bayan kamfanin ya sayi wata ƙaramar manhaja mai suna Writely. Ana aiki da ita ta intanet, duk mai adireshin Gmail yana iya buɗe ta kyauta, kuma ita ke adana rubutu da kanta yayin da ake bugawa. Mutane da yawa suna iya aiki a kan takarda ɗaya a lokaci guda, wani yana Maraɗi wani yana Yamai.

Abin da ake sakawa a ciki

Galibi kan shafi yana ɗauke da sunan takardar, sunan mai ita ko na ma'aikata, tambarin kamfani ko ƙungiya, da lambar shafi. Amfaninsa yakan bayyana ne ranar da takardu suka warwatse a kan tebur ko suka cuɗanya da na wasu a wurin fotokofi: da an dubi saman shafi an san na wane ne, an kuma san inda yake shiga. Ɗalibin da ke rubuta kundin kammala karatu a jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ko ta Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, ko ta André Salifou a Damagaram, ko ta Djibo Hamani a Tawa, yana buƙatarsa. Haka ma sakataren ƙungiya mai rubuta rahoto, da ɗan kasuwa mai son takardar kuɗinsa ta fito da sunan shagonsa.

Ka'ida guda ce take bayyana kusan duk halin kan shafi: shi ba na shafi ɗaya ba ne, na sashe ne. Sabuwar takarda kuwa sashe ɗaya ce daga farko har ƙarshe. Shi ya sa wanda ya gyara kalma a saman shafi na 7 zai tarar ta sauya a shafi na 1 da na 40. Wannan ba lalacewa ba ce, haka aka gina shi.

Yadda ake saka shi

Hanya mafi sauƙi a kwamfuta ita ce a danna sau biyu da sauri a can saman shafi. Filin zai buɗe, a rubuta abin da ake so, sannan a danna cikin jikin takardar don a fita. Ana kuma iya bi ta jerin «Insertion» a zaɓi «En-tête». A wasu zubin manhajar yana ƙarƙashin rukunin kan shafi da gindin shafi, a sababbi kuma yana cikin rukunin kayan shafi. Masu son gajeriyar hanya suna riƙe Ctrl da Alt, su danna O, sannan H. Idan F aka danna a maimakon H, gindin shafi ne zai buɗe.

Rubutun da ke ciki ana yi masa ado kamar kowane rubutu: a sauya girmansa, a kai shi tsakiya ko dama, a saka hoto. Mai son tambari a hagu da adireshi a dama yakan saka ƙaramin jadawali mai gida biyu, ya ɓoye layukansa. Wannan ya fi tura rubutu da maɓallin tazara, domin abin da aka jera da tazara yakan goce idan aka buɗe takardar a wata na'ura.

Lambar shafi

Kuskuren da ya fi yawa shi ne buga lamba da hannu. Wanda ya rubuta 1 a kan shafi zai ga 1 a kan dukkan shafuka. Lambar da ke ƙaruwa da kanta ana samun ta ne a «Numéros de page», cikin jerin «Insertion». A nan ake zaɓar ko ta zauna sama ko ƙasa, ko ta fito a shafin farko ko a'a, da kuma lambar da za a fara ƙirga daga gare ta. Akwai kuma umarnin da ke nuna jimillar shafuka, wanda da shi ake samun rubutu irin «3 cikin 12». Yana da amfani ga yarjejeniya da takardun neman kwangila, inda ɓatan shafi ɗaya ke iya jawo gardama.

Shafin farko daban

Idan kan shafi yana buɗe, akwai ɗan akwati mai suna «Première page différente». Da an yi masa alama, shafin farko ya samu nasa kan shafi, sauran kuma su ci gaba da nasu. Wannan shi ne maganin bangon kundi, wanda ba a son lamba ko wani rubutu a samansa. Shi ne kuma maganin wasiƙar hukuma: sunan Jamhuriyar Nijar, taken ƙasa na «Fraternité, Travail, Progrès» da sunan ma'aikata a shafin farko kaɗai suke zama, shafi na biyu kuma lambar wasiƙa da ta shafi sun ishe shi.

Kowane babi da nasa

Wanda ke son kowane babi ya fito da sunansa a sama dole ya raba takardar sashe-sashe. Ana ajiye alamar rubutu a ƙarshen babi, a shiga «Insertion», a zaɓi «Saut», sannan «Saut de section (page suivante)». Tsallake shafi na yau da kullum, wanda ake yi da Ctrl da «Entrée», ba ya buɗe sabon sashe, shafi kawai yake ƙarawa.

Sabon sashe yakan zo a ɗaure da na bayansa, yana gadon kan shafinsa. A cikin filin akwai akwatin da ke nuna wannan haɗi da sashen da ya gabata. Sai an cire masa alama tukuna, sannan a rubuta sabon suna. Idan aka fara rubutu kafin a kwance haɗin, sunan babi na biyu zai hau kan na farko. Ta wannan hanya ce kuma ake sa ƙirgar shafuka ta fara daga gabatarwa, a bar shafukan sadaukarwa da godiya babu lamba.

Ga takardar da za a buga gaba da baya kamar littafi, akwai zaɓin bambanta shafuka masu lamba 1, 3, 5 da masu 2, 4, 6. Ana samun sa a «Options», gefen dama na filin. Da shi ake sa sunan littafi a ɓangare ɗaya, sunan babi a ɗayan.

Tazara da girman takarda

A «Options» ɗin ne ake daidaita nisan kan shafi daga bakin takarda. Bisa al'ada santimita 1,27 ne, gefen rubutu kuma 2,54. Idan tambari ya yi girma ko layuka suka yi yawa, manhajar takan tura jikin rubutu ƙasa a kowane shafi, shafuka su ƙaru, kuɗin bugawa ma ya ƙaru. Idan kuma aka matsa shi bakin takarda sosai, injin bugawa yana iya yanke shi.

Ya kamata a duba girman takarda tun farko a «Configuration de la page», cikin jerin «Fichier». Takardar da ake amfani da ita a Nijar A4 ce, mai santimita 21 a faɗi da 29,7 a tsawo. Ta Amurka, «Letter», ta fi ta faɗi kaɗan, ta kuma fi ta gajarta, kuma wani lokaci a kanta sabuwar takarda ke buɗewa.

Idan kan shafi ya ɓace

Tun 2022 Google Docs tana da tsarin rubutu marar shafuka, inda rubutu ke zuba ba yankewa. A cikinsa ba a ganin kan shafi, gindin shafi ko lamba. Ba su goge ba, suna dawowa da zarar an koma tsarin shafuka a «Configuration de la page». A salula ma ba a ganinsu sai an taɓa ɗigo uku na sama an kunna tsarin da ke nuna takarda yadda za ta fito a bugu. Daga nan ana iya gyara rubutun, amma raba sassa da kwance haɗi aikin kwamfuta ne.

Goge kan shafi da gangan ana yin sa ne daga «Options». A takardar da aka raba da wasu, duk wanda aka ba izinin gyara yana iya sauya shi. Idan hakan ta faru, «Historique des versions» a jerin «Fichier» yana nuna yadda takardar take a da, da wanda ya taɓa ta, kuma ana iya maido da tsohon zubi.

Kafin a aika ko a buga

Wanda ya kwafi tsohuwar wasiƙa don ya yi sabuwa yakan gyara jikinta ya manta da samanta, takardar neman aiki ta isa wata ma'aikata da sunan wata a kanta, ko da kwanan watan bara. Don haka kan shafi na cikin abubuwan da ake dubawa a ƙarshe, sashe bayan sashe.

Takardar da za a kai wurin bugawa gara a sauke ta a siffar PDF, ta «Télécharger» a jerin «Fichier», domin ita ba ta gocewa daga na'ura zuwa na'ura kamar yadda ta Word ke iya yi. A cikin PDF ɗin ne kuma ake tabbatar da cewa haruffa masu lanƙwasa, ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, sun fito daidai, tunda ba kowane salon haruffa ne ke ɗauke da su ba.