Damagaram, Garin Da Fatake Suka Gina

Da yawa daga cikinmu a aji muka fara ganin sunan Zinder, a jikin taswirar da ke rataye a bango, ba mu san ita ce Damagaram ɗin da kakanninmu ke ambata ba. Daga nan Malali, sai mutum ya bi ta Kano da Daura, ya ƙetare iyaka a Kwangwalam, sannan ya isa.

Garin ya bunƙasa ne a zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884. Shi ya ƙarfafa ganuwar Birni, ya kuma sa maƙera suka ƙera masa igwa. Amma arzikin garin a Zango yake, inda ayarin raƙuma daga Tarabulus da Agadas ke sauka. A nan gishirin Bilma da kanwa ke haɗuwa da baƙaƙen Kano, a ɗaure fatu da gashin jimina a yi arewa da su. Kada mu ɓoye, har da bayi a cikin hajar.

A 1898, zamanin Sarki Ahmadu Kuran Daga, aka kashe wani hafsan Faransa, Kyaftin Cazemajou, a garin. Shekara na zagayowa Faransawa suka dawo da ƙarfi, suka ci yaƙi a Tirmini, suka kafa bariki bisa dutse. A 1911 suka mai da Zinder hedkwatar mulkinsu, amma a 1926 suka kwashe zuwa Yamai, ƙarancin ruwa na cikin dalilansu. Kafin nan ma jirgin ƙasa ya riga ya iso Kano, kaya suka koma bin hanyar Ikko, ayarin Sahara ya yi ta raguwa. Sai gyaɗa ta zama abin dogaro.

Wanda ya je yau zai tarar da fadar Sarki, da lungunan Birni, da manyan duwatsu a tsakiyar gari, da gidajen Zango masu zanen ado a fuska.

Mu mutanen Kaduna ya kamata mu yi tunani a nan. Yadda Yamai ta gaji Zinder, haka Kaduna ta gaji Zungeru a 1917. Hanya ce ke raya gari, ran da ta kauce kuwa sai abin da mutanensa suka iya da hannunsu. Allah Ya raya mana namu, amin.